BABI NA BIYU: TARIHIN SALON SAUYA BAKIN MAI LABARI A ƘAGAGGUN LABARAN ALMARA NA TURAWA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bin diddigin wani salo da ya yi fice a ƙagaggun labaran almara na Turawa, wato salon ɗauko labarin da mai karatu ya riga ya sani a sake kawo shi daga bakin wani tauraro daban. An fara da bayanin ma'anar salon, sannan aka waiwayi tushensa, aka kuma kasa tarihinsa zuwa matakai uku gwargwadon wanda ya mallaki labarin farko. Daga nan aka dubi dalilan bunƙasarsa da amfaninsa da kuma illolinsa.

2.1 Ma'anar Salon

Abin da ake nufi da labaran almara a nan shi ne ƙagaggun labaran da aka gina su a kan tsafi da dodanni da aljanu da ƙasashen da babu su a zahiri. Irin waɗannan labarai sukan zo a jere, littafi uku ko biyar ko fiye, kuma galibi mai karatu yakan bi tauraro guda ne tun daga farko har ƙarshe. Abin da tauraron ya gani shi mai karatu zai gani, wanda ya kira mugu kuwa mugu ne, domin babu wata kafa ta jin ta bakinsa.

Sauya bakin mai labari ya bambanta da ci gaban labari, domin shi ci gaba yana ɗorawa ne daga inda aka tsaya. Haka kuma ya bambanta da labarin share fage, wanda ke kawo abin da ya faru kafin a fara. A wannan salo lokaci ɗaya ne, wuri ɗaya ne, aukuwa ɗaya ce, ido da baki kaɗai aka sauya. Don a fahimci abin sosai ana iya kawo misali da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Duk abin da aka sani game da Malam Zurƙe daga bakin abokin karawarsa Alhaji Imam aka ji shi, lokacin da yake ba Koje Sarkin Labari labarin yawonsa. Da a ce wani zai zauna ya rubuta wannan yawo daga bakin Zurƙe, to da ya yi amfani da salon da ake magana a kai.

2.2 Tushen Salon

Wannan dabara ta daɗe a adabin Turai. Ovid, mawaƙin Rum da aka haifa shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya tsara wasu waƙoƙi mai suna Heroides a siffar wasiƙu daga matan da suka fito a labaran jaruman Girka da Rum, irin su Penelope da Dido da Medea, inda kowace ta faɗi yadda ta ga abin da jarumin ya yi mata. Sai dai salon bai zama tafarkin da marubuta zube ke bi da yawa ba sai a ƙarni na 20.

A 1966 Jean Rhys, haifaffiyar tsibirin Dominika, ta fitar da Wide Sargasso Sea. Ta ɗauko mahaukaciyar matar nan da aka kulle a ɗakin sama a littafin Jane Eyre na Charlotte Brontë, wanda ya fito a 1847, ta ba ta suna da ƙuruciya da murya, ta nuna yadda aure da mulkin mallaka suka kai ta ga hauka. A shekarar ce kuma aka fara nuna wasan kwaikwayon Tom Stoppard wanda ya dubi Hamlet na Shakespeare ta idon wasu ƙananan fadawa guda biyu. Ko da yake waɗannan ayyuka ba almara ba ne, sun nuna wa marubuta cewa a gefen kowane shahararren labari akwai wani labarin da ba a ba da ba.

2.3 Mataki na Farko: Sake Kawo Labaran Gado

Marubuta almara sun fara gwada salon ne a kan tsofaffin labaran da ba su da mai su. A 1956 C. S. Lewis ya fitar da Till We Have Faces, inda ya sake kawo tsohon labarin Cupid da Psyche daga bakin yayar Psyche, wadda a labarin asali ba a san ta da komai ba sai hassada. Lewis ya sa mata suna Orual, ya kuma nuna cewa son ƙanwarta ne ya yi mata yawa har ya zama cuta.

Littafin da ya fi tasiri a wannan mataki shi ne Grendel na John Gardner, wanda ya fito a 1971. Tushensa tsohuwar waƙar Ingilishi ce mai suna Beowulf, wadda kwafinta guda ɗaya tak ya saura, an kuma rubuta shi wajejen shekara ta 1000. A waƙar, Grendel dodo ne da ya shekara 12 yana afka wa fadar Sarki Hrothgar da dare yana cinye mutane, har jarumi Beowulf ya zo ya fizge masa hannu. Ko kalma ɗaya dodon bai furta ba a waƙar. Gardner ya ba shi baki. Sai ga dodo yana leƙen mutane daga daji, yana ganin yadda suke ƙone garuruwan juna suna kashe dabbobi a banza, sannan wani makahon mawaƙin fada ya zo ya mayar da wannan ɓarna abin kirari. Dodon ya san ƙarya mawaƙin yake yi, domin a gabansa aka yi komai, amma daɗin waƙar ya sa shi kansa yana son ya gaskata ta. Wanda ya san matsayin mawaƙan fada a ƙasar Hausa zai gane abin da Gardner yake nufi, wato wanda ya riƙe waƙa shi ke yanke wa tarihi hukunci.

A 1983 Marion Zimmer Bradley ta fitar da The Mists of Avalon a kan labaran Sarki Arthur. A littafin Thomas Malory da aka buga a 1485, Morgan le Fay, 'yar'uwar Arthur ta wajen uwa, matsafiya ce mai ƙulla masa makirci. Bradley ta kira ta Morgaine, ta mayar da ita mai hidimar addinin gargajiyar Birtaniya wadda ke ƙoƙarin kare shi daga shafewa bayan zuwan addinin Kirista. Ta haka labarin da aka saba ji na mayaƙa da takubba ya koma labarin mata da rikicin addini.

2.4 Mataki na Biyu: Sake Kawo Labarin Wani Marubuci

A mataki na biyu marubuta sun taɓa jerin littattafan zamani waɗanda aka san mawallafansu. Misali mafi shahara shi ne Wicked na Gregory Maguire, wanda ya fito a 1995. A 1900 ne L. Frank Baum ya fitar da The Wonderful Wizard of Oz, na farko cikin littattafai 14 da ya rubuta a kan ƙasar Oz. A cikinsa guguwa ta kai wata yarinya mai suna Dorothy wannan ƙasa, aka tura ta ta kashe Muguwar Mayyar Yamma, ta watsa mata bokitin ruwa ta narke. Mayyar ba ta da suna, ba ta da tarihi, kuma ba a faɗi dalilin muguntarta ba. Koriyar fatar da aka san ta da ita ma daga fim ɗin 1939 ta samo asali.

Maguire ya raɗa mata suna Elphaba, daga haruffan farko na sunan Baum. Ya nuna an haife ta da koriyar fata, mutane suna ƙyamarta tun tana jaririya. Ta yi karatu a jami'ar Shiz, inda ta zauna ɗaki ɗaya da wadda daga baya za a kira Mayyar Kirki. A can ta ga yadda Matsafin da ke mulkin Oz yake ƙwace haƙƙin dabbobi masu magana, aka kuma kashe malaminta, wanda shi ma akuya ne mai magana. Wannan ya sa ta shiga ƙungiyar asiri mai adawa da mulkin. Dorothy ba ta shigo labarin sosai ba sai dab da ƙarshe, kuma ruwan da ta watsa don ta kashe wutar da ta kama tufafin Elphaba ne. Aukuwar ba ta sauya ba, amma ma'anarta ta juye gaba ɗaya. An mayar da littafin wasan waƙa a dandalin Broadway a 2003, aka kuma yi fim ɗinsa a 2024.

Misali na biyu daga Rasha ya fito. A 1999 Kirill Eskov, masanin kimiyyar ragowar halittun da, ya fitar da littafin da aka fassara da The Last Ringbearer. Ya ɗauki The Lord of the Rings na J. R. R. Tolkien, wanda ya fito a 1954 da 1955, a matsayin tarihin da waɗanda suka ci yaƙi suka rubuta. A wajen Tolkien ƙasar Mordor matattarar sharri ce, mayaƙanta kuma halittu ne marasa imani. A wajen Eskov kuwa Mordor ƙasa ce mai neman ilmin kimiyya da masana'antu, mayaƙanta mutane ne kamar kowa waɗanda abokan gaba suka laƙaba wa mummunan suna, Gandalf kuma mai hura wutar yaƙi ne don kada ilmi ya kawar da tsafi. Babban tauraronsa likitan soja ne mai suna Haladdin, daga rundunar da aka ci da yaƙi.

A nan ne batun haƙƙin mallaka ya shigo. Maguire bai gamu da cikas ba saboda haƙƙin littafin Baum na farko ya ƙare tun 1956. Tolkien kuwa ya rasu a 1973, kuma har yanzu doka tana kare ayyukansa, shi ya sa fassarar Ingilishi da Yisroel Markov ya yi wa littafin Eskov a 2010 kyauta aka sake ta a intanet. Irin wannan taƙaddama ta kai kotu a Amurka a 2001, lokacin da magadan Margaret Mitchell suka nemi a hana fitar da The Wind Done Gone na Alice Randall, wanda ya sake kawo Gone with the Wind daga bakin baiwa. Kotun farko ta hana, kotun ɗaukaka ƙara ta ɗage hanin, daga baya aka sasanta a 2002. Wasu marubutan sun kauce wa rigimar ta hanyar ƙirƙiro ƙasa da sunaye nasu, kamar yadda Jacqueline Carey ta yi a Banewreaker na 2004 da Godslayer na 2005, inda ta kawo yaƙi irin na Tolkien daga ɓangaren waɗanda za a kayar.

2.5 Mataki na Uku: Marubuci Ya Sake Kawo Labarinsa

Mataki na uku shi ne inda mai jerin littattafan da kansa yake komawa ya sake kawo labarinsa ta wani bakin. Anne Rice tana cikin na farko-farko. A Interview with the Vampire na 1976, Louis, ɗaya daga cikin mashaya jinin da ba sa mutuwa, ya ba wani matashin ɗan jarida labarin rayuwarsa, ya siffanta Lestat, wanda ya mayar da shi haka, da mugunta da jahilci. A The Vampire Lestat na 1985 sai Lestat ya karanta abin da aka buga a kansa, ya ɗauki alƙalami ya kawo nasa, yana musanta wasu abubuwan yana bayyana dalilan wasu. Daga nan shi ya zama tauraron jerin baki ɗaya. Haka kuma Anne McCaffrey ta kawo labarin wata annoba a Moreta na 1983 ta idon shugabar mahaya dodanni masu fukafukai, sannan a Nerilka's Story na 1986 ta sake kawo annobar daga bakin 'yar wani basarake da ya ƙi fito da magunguna, ita kuwa ta kwashe su ta tafi jinyar marasa lafiya.

Misalin da ya fi cika shi ne na David Eddings da matarsa Leigh. Tsakanin 1982 da 1991 an fitar da littattafai 10 a jeri biyu, Belgariad da Malloreon, a kan wani yaro ɗan gona mai suna Garion wanda ashe magajin sarauta ne. Masu kula da shi su ne tsohon matsafi Belgarath, mai shekara kusan 7000, da 'yarsa Polgara. A idon yaron, tsohon mai barkwanci ne da son giya, ita kuwa gwaggo ce mai faɗa, kullum kuma suna cacar baki ba tare da an san mafari ba. A 1995 aka fitar da Belgarath the Sorcerer, inda tsohon ya ba da tarihinsa da bakinsa. A 1997 sai ga Polgara the Sorceress, inda 'yar ta bi yawancin waɗannan shekaru ta faɗi nata. A nan ne mai karatu ya ji zafin abin da ke tsakaninsu. Uban ya tafi ƙwato wani dutse mai tsarki ya bar matarsa da tsohon ciki, ya dawo aka ce ta rasu, baƙin ciki ya jefa shi cikin shaye-shaye, wasu suka raini tagwayen 'ya'yansa. Abin da shi ya ɗauka larurar aiki, ita ta ɗauke shi yasarwa. Bugu da ƙari, ɗawainiyar ɓoye magadan sarauta ɗaya bayan ɗaya na tsawon ƙarnoni, da rainonsu da binne su, a wuyanta ta faɗa, kuma tsohon bai ba ta muhimmancin da ita ta ba ta ba. Wani abin lura shi ne, a littafin 1995 ne sunan Leigh ya fara fitowa a bango, alhali mijin ya tabbatar da cewa tun da farko tare suke rubutun.

A ɓangaren almarar kimiyya, Orson Scott Card ya bi wannan hanya da Ender's Shadow na 1999, wanda ya sake kawo Ender's Game na 1985 ta idon wani yaro mai suna Bean. Sai dai wanda ya fi kowanne tashe a kasuwa shi ne Midnight Sun na Stephenie Meyer. Jerinta na Twilight, littattafai 4 tsakanin 2005 da 2008, labarin soyayya ne tsakanin wata 'yar makaranta mai suna Bella da wani mashayin jini mai suna Edward, kusan duka daga bakin Bella. Meyer ta fara rubuta littafin farko daga bakin Edward, sai babi 12 na daftarin suka ɓulla a intanet a 2008 ba da izininta ba. Ta dakatar da aikin, bai fito ba sai ranar 4 ga Agusta, 2020, aka kuma sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya a makon farko. Abin da ya ba sabon littafin armashi shi ne Edward yana jin tunanin kowa in ban da na Bella. Ranar da suka fara haɗuwa a aji, ita ta ga saurayi ne ya ɗaure mata fuska, shi kuwa a lokacin lissafi yake yi na yadda zai kashe ta da duk wanda ke ajin.

2.6 Dalilan Bunƙasar Salon

Ana iya kawo dalilai huɗu. Na farko shi ne sauyin tunani da ya biyo bayan samun 'yancin ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka, inda aka fara tambayar wane ne ya rubuta tarihi, wa kuma aka hana magana. Na biyu shi ne fafutikar mata, wadda ta haifar da ayyuka irin na Bradley, daga baya kuma The Penelopiad na Margaret Atwood a 2005 da Lavinia na Ursula Le Guin a 2008 da Circe na Madeline Miller a 2018. Na uku kasuwa ce. Tun da aka fitar da littattafan Tolkien masu arha a Amurka a 1965, kamfanonin ɗab'i suka gane cewa mai karatun almara ba ya son rabuwa da duniyar da ya saba da ita, littafin da ya mayar da shi can kuwa yana da masu saye tun kafin ya fito. Na huɗu shi ne rubuce-rubucen masu sha'awa a intanet, musamman bayan buɗe FanFiction.Net a 1998, inda masu karatu da kansu suke sake rubuta labaran da suke so ta bakin wanda suka ga dama.

2.7 Amfani da Illa

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma babban amfanin wannan salo ke nan. Yana koya wa mai karatu kada ya yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, yana kuma tunatar da shi cewa mai ba da labari ma yana da son zuciya. Bayan an karanta Gardner ko Maguire, da wuya a koma ga labarin asali a karɓe shi yadda aka karɓa da farko.

Illa ta farko ita ce maimaici. Idan baki na biyu bai zo da sabon sani ba, to mai karatu ya sayi littafi ɗaya ne sau biyu. An yi wa Midnight Sun wannan suka, domin dole hirarrakinsa su zo daidai da na Twilight, ga shi kuma ya fi shi kauri. Illa ta biyu ita ce wanke mugu. Idan kowane azzalumi aka ba shi baki sai ya zama wanda aka zalunta, to an rushe bambancin alheri da sharri wanda almara ta ginu a kansa. Eskov ya faɗa wannan rami ta wani gefen, domin sau da yawa ya juya hoton ne kawai, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Gardner ya tsira saboda dodonsa ya ci gaba da cin mutane, an fahimce shi amma ba a wanke shi ba. Bisa ga haka, ma'aunin da za a riƙe shi ne a tambaya ko labari na biyu ya sauya hukuncin mai karatu a kan na farko ba tare da ya ƙaryata abin da ya auku ba.

2.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa salon sauya bakin mai labari ya faro ne daga tsofaffin labaran da ba su da mai su, ya ratsa ta ayyukan marubutan zamani inda ya ci karo da dokar haƙƙin mallaka, sannan ya zama abin da marubuci ke yi wa nasa jerin littattafan. An kuma ga dalilan da suka ɗaukaka shi da ma'aunin da za a iya auna ingancinsa da shi. A babi na gaba za a ɗora wannan ma'auni a kan littattafan Eddings guda biyu, a dubi jigo da zubi da tsari da kuma yadda aka sarrafa taurari a kowannensu.